Me Ke Sa Kilarinet Tsuwwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan badujalar makaranta lokacin atisayen faretin 1 ga Oktoba ya san abin. Ana cikin busa mai daɗi, sai wani kilarinet ya ƙwalla tsuwwa kamar an taka wutsiyar ɓera, 'yan aji ɗaya su kwashe da dariya. Mai busan yakan ce ai kayan ne ya tsufa. Sau da yawa kuwa ba laifin kayan ba ne.

Sautin kilarinet yana fitowa ne daga wani siririn ɓallin kara da ake ɗaurewa a bakinsa, ana ce masa rid. Algaita ma da kara take amo, sai dai nata mai leɓe biyu ne, na kilarinet ɗaya. Idan karan ya kasa kaɗawa daidai, ko iska ta sami 'yar kafa ta zurare, sai sautin ya yi tsalle can sama. Tsuwwar ke nan.

Saboda haka fara da rid ɗin. Jiƙa shi a baki na minti ɗaya ko biyu kafin ka ɗaura, musamman da hunturu, lokacin da yake bushewa nan da nan. Ɗaga shi wajen haske. In ka ga tsaga ko giɓi a bakinsa, ya gama aiki. Ka daidaita kansa da kan bakin kilarinet, kada ya karkace. Sabon shiga ya tsaya a lamba 2 ko 2.5, domin mai tauri yakan sa mutum cijewa, cizo kuma shi ne babban mai haddasa tsuwwa.

Sai yatsu. Ramin da bai rufu sarai ba, ko da kamar zare ne ya rage, ya isa ya ɓata komai. Danna ramukan, sannan ka dubi cikin yatsunka: ya kamata kowanne ya fito da cikakken zobe. Babban yatsan hagu ya fi ba da wahala, don shi ke toshe ramin baya, kuma yakan taɓa maɓallin da ke samansa ba da niyya ba. Yin atisaye a gaban madubi yana tona asirinsa.

In duk wannan bai yi ba, a gwada kayan. Cire gaɓar sama, toshe ramukanta da yatsu, toshe gindinta da tafin ɗaya hannun, ka zuƙi iska ta sama. Idan ta kama leɓenka, lafiya lau. Idan iska na shigowa, to ɗaya daga cikin 'yan matasan da ke ƙarƙashin maɓallai ya ci, ko bai zauna daidai ba. A nan aikinka ya ƙare. Kada ka lanƙwasa maɓalli da hannu, kada ka ɗiga gam. Kai wa malamin badujala, ka nuna masa gaɓar da ke yoyo.