Turmin Shekara Shida: Haƙorin da Ba Ya Famfara

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuwa 32. Kowa ya san famfara. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wajen shekara 6 wasu turame huɗu suna fitowa can ƙuryar baki, biyu sama biyu ƙasa, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda haka idan ɗayansu ya yi baƙi sai a ce a bar shi, ai zai fita wani ya tsiro. Wannan kuskure ne. Turmin shekara 6 na dindindin ne. In ya tafi, ba shi da magaji.

Shi ne kuma ya fi saurin yin kogo. Ku buɗe bakin yaro cikin hasken rana ku duba: saman turmin yana da kwari da ƴan tsagogi, wasu ƙanana ƙwarai har asuwaki ba ya shiga cikinsu. Nan abinci ke maƙalewa. Mu kan ce tsutsa ce ke cin haƙori, amma babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya rage a baki, suna fitar da tsami, tsamin kuma ya riƙa narka ɓawon haƙori a hankali har rami ya buɗe. Bombom da biskit da alawa da shayi mai sukari yanzu suna kan kowane tebur, daga kasuwar Tasawa zuwa Kanan Bakashe, har bakin lakwal. Yawan tsotso daga safe zuwa marece ya fi ɓarna bisa cin zaƙi sau ɗaya tare da abinci.

Manomi ba ya jiran ruwa ya shiga rumbu kafin ya yaɓe tsagar. Likitocin haƙori ma suna da irin wannan yaɓe. Wani ɗan shafi ne da ake cike tsagogin turmi da shi tun haƙorin yana da lafiya, ya bushe ya yi tauri, abinci ya rasa wurin fakewa. Ba a huda, ba a allura, babu zafi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce yana hana kashi 80 cikin 100 na kogon turame a shekara biyu na farko.

Yaɓen iri biyu ne. Na roba yana son fitila ta musamman da na'urar busarwa, wato aikin babban asibiti ne. Na biyun, wanda a ganinmu ya dace da karkarar Mayayi da Tasawa, gari ne da ruwa da ake kwaɓawa kamar siminti. Ma'aikacin lafiya da aka horar zai wanke haƙorin, ya tsane shi da auduga, ya shafa, ya danna da yatsa. Ba ruwansa da lantarki. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, shi ya fara wannan hanya ta aiki da kayan hannu a Tanzaniya wajen tsakiyar shekarun 1980. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti da man goge baki mai fulorid cikin jerin magungunan da suka wajaba a samu.

Da jin fulorid, mun san hankalin mutanen jihar Maraɗi zai koma Tibiri, inda tsakanin 1985 da 2000 ruwan wata rijiyar burtsatse ya ɓata haƙora da ƙasusuwan dubban yara. Tsoron yana da dalili. Sai dai can yawa ne ya yi ɓarna, ana shansa kullum shekara da shekaru, ya zarce ƙa'idar miligiram 1,5 a lita nesa ba kusa ba. Na man goge baki ɗan kaɗan ne, kamar ƙwayar wake a kan buroshi, kuma tofarwa ake yi.

Likitocin haƙori kaɗan ne a ƙasarmu, galibinsu a Yamai da manyan birane. Don haka muna ganin lokaci ya yi da kwamitocin lafiya da ƙungiyoyin iyayen yara za su kai maganar gaban likitocin gundumomin biyu, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa bin makarantu, musamman aji ɗaya da aji biyu. Turame na biyu suna fitowa wajen shekara 12, su ma suna son yaɓen.

Kafin nan, a goge wa yaro baki safe da dare, da buroshi ko asuwakin bedi, a kai har ƙurya. Babba ya taya shi sai ya kai shekara 7 ko 8. Wanda aka ga baƙin ɗigo a turminsa, ko kumburin dasashi, a kai shi asibiti a makon nan, kada a tura masa toka ko ƙwayar magani cikin ramin.