Lauyan Aboabo da bencinsa na ranar Asabar

Duk ranar Asabar bayan la'asar, a bakin wani masallaci a Aboabo, nan Kumasi, akwai benci biyu da tebur ɗaya. Nan wani matashin lauya yake zama yana sauraron matsalolin mutanen unguwa, ba ya karɓar ko sidi ɗaya. Ya roƙe ni kada in saka sunansa. Ko ban saka ba, 'yan unguwa sun san wa nake nufi, tunda kowa Lauya yake ce masa, har mahaifiyarsa da ke sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida.

Tare muka yi makarantar allo. Ni na tafi kwalejin horar da malamai, shi ya shiga KNUST ya karanta shari'a, daga nan ya wuce makarantar lauyoyi ta Makola a Ankara. Jarrabawar shiga sai a karo na biyu ya ci. Da ya gama, an yi masa tayin aiki a Ankara, amma ya dawo gida saboda jikin mahaifinsa. Yanzu yana wani ƙaramin ofishin lauyoyi a Adum.

Na zauna kusa da shi Asabar uku a jere. Maganar beli na zuwa, kuma amsarsa ɗaya ce: Tsarin Mulki na 1992 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi. Amma abin da ya fi cika bencin nan shi ne gado.

A nan ni kaina na sha mamaki, duk da malantata. Yawancinmu mun ɗauka in Musulmi ya rasu, rabon malamai shi ne ƙarshen magana. A Ghana kuwa, wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, dokar PNDCL 111 ta 1985 ce ke hawa kan dukiyarsa, ba ruwanta da addininsa. In gida ɗaya ya bari, na matarsa ne da 'ya'yansa, haka kayan ɗaki. Abin da ya rage a kasa shi 16: mata 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sauran 2 a bi al'ada. Ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace ba. To, in magada sun yarda da rabon malamai, lafiya lau. Ranar da ɗaya ya ƙi ya tafi kotu, da wannan doka alƙali zai yi hukunci. Shi ya sa Lauya yake matsa wa dattawa su rubuta wasiyya, su faɗi cewa rabon Musulunci suke so, su sa hannu gaban shaidu biyu a zama ɗaya, shaidun kuma kada su kasance cikin masu cin gadon. Wasu dattawan ba sa son zancen, wai kamar kiran mutuwa ne. A ganina, barin marayu cikin rigima ya fi wannan ban tsoro.

Aikin na da tsada a gida. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, yaransu biyu, kuma Asabar ce kaɗai ranar da suke samunsa. Ta yi ƙorafi, gaskiyarta ce. Sulhun da suka yi shi ne yana tashi da an kira magariba, ko da layi bai ƙare ba. Ga kuma dangi da ke ganin har shari'ar kotu kyauta zai yi masu. Waɗannan, in ba su da hali, ofishin Legal Aid yake tura su.

Asabar ɗin da ta wuce wata gwauruwa ta zo, ƙannen mijinta sun ba ta mako biyu ta bar gida, ko arba'in ba a yi ba. Ya ce da ita, cikin ladabi yana kiranta Mma, dokar nan ta hana korar matar mamaci ko 'ya'yansa daga gidan aure kafin a raba gado, kuma laifi ne da ake hukuntawa. Bai rubuta masu takarda ba tukuna. Ya nemi limami ya tara su ranar Juma'a, shi ma zai je.