Ko Ka Sani? Ƙaramar Ƙofar Da Ke Hana Injin Turbo Bugawa

Ko ka san cewa turbon da ke cikin tirelolin da ke bi ta Kwangila a Zariya yakan juya sau 100,000 a minti guda, na ƙananan motoci kuma har ya haura 200,000? Hayaƙin da injin ya fitar ne ke juya shi. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙi mai zafi ya kaɗa ta farko, ta biyu ta zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin silinda. Aikin zugazugin maƙeri ke nan, ƙarin iska, ƙarin wuta. Injiniya Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi rajistar dabarar a 1905, amma sai a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, aka fara sayar da ƙananan motoci masu turbo a Amurka.

Wahalar turbo ita ce ba ya ƙoshi. Iskar da ya tura tana ƙara hayaƙi, hayaƙin ya ƙara masa gudu, gudun ya ƙara iska. Don haka aka yi masa wata 'yar ƙofa a hanyar hayaƙi, wadda sifirin ke riƙe da ita a rufe. Wani siririn tiyo yana kawo matsin iskar zuwa gare ta. Da matsin ya kai iyakar da kamfani ya sa, sai ya rinjayi sifirin, ƙofar ta buɗe, wani ɓangare na hayaƙin ya wuce zuwa salansa bai taɓa fanka ba. Duk mai son ƙara wa mota ƙarfi, nan yake taɓawa: ya ɗaure sandar ƙofar, ko ya sa sifirin mai tauri, ko ya sa bawul a kan tiyon don ƙofar ta makara wajen buɗewa, ko ya sauya lissafin kwamfutar motar. Mafi muni shi ne a cire tiyon ko a ɗaure ƙofar da waya. Ra'ayina shi ne ƙara matsi ba laifi ba ne, amma ƙara shi ba tare da awo ba ɓarnar dukiya ce, musamman a Zariya.

Dalili kuwa, iska tana zafi idan aka matse ta. Iskar da muke shaƙa tana da matsin kusan ba 1 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Idan turbo ya ƙara ba 1, abin da ke shiga silinda ya kusa ninkawa, zafi ma ya hau. A injin fetur, wannan zafi kan sa mai ya kama da wuta kafin lokacinsa, ya riƙa dukan fistan har ya fasa shi. A injin dizal kuwa iska kaɗai ba ta ƙara ƙarfi sai an buɗe famfon mai, kuma idan aka wuce kima hayaƙi ya yi baƙi, zafinsa ya ƙona gaskit ko ya narka kan fistan. Manyan kamfanoni ma sun ji jiki. Motar Oldsmobile Jetfire ta 1962 sai da ruwa na musamman ake sanyaya mata ƙonewa, kuma shekara biyu kawai aka yi ana ƙera ta. A 1982 kamfanin Saab na Suwidin ya fito da na'urar da ke sauraren dukan fistan, ta rage matsi da kanta. A tseren Formula 1 ma, hukuma ta ƙayyade matsi zuwa ba 4 a 1987, ta sauke shi zuwa 2.5 a 1988.

Wani zai ce ai kamfani yakan bar rara, don haka ɗan ƙari ba zai yi illa ba. Gaskiya ne akwai rara, amma an bar ta ne don ranar wahala, kuma a nan kusan kullum ranar wahala ce. Zafin Maris da Afrilu yana hana na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa yin aikinta sosai. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tana cinye bakin fanka. Zariya tana bisa teku da fiye da mita 600, iskarta ta fi ta Legas sauƙi, dole turbo ya ƙara gudu kafin ya kai matsi ɗaya. Ga man 'yan bumburutu da ba a san ingancinsa ba, ga injin tokumbo da ya riga ya sha tafiya a Turai. Rarar ta ƙare tun kafin bakanike ya ɗauki sifana. Wani kuma zai ce an ƙara wa motar wane matsi, tana ta gudu lafiya. Amma tsakanin PZ da Samaru babu inda za a daɗe ana take totur. Ɓarnar tana bayyana ne a hanyar Kano ko Funtuwa, da rana tsaka, da kaya cike, kuma tana taruwa ne a hankali.

Wanda ya nace sai ya ƙara, to ya bi ƙa'ida. A fara sa agogon auna matsi, a injin dizal har da na zafin hayaƙi. A tabbatar mai yana isa, lagireto da matatar iska suna da tsabta, ana juye a kan lokaci. A ƙara kaɗan, a gwada a hanya, a saurari injin, kuma kada a taɓa hana ƙofar buɗewa. Makanikan Sabon Gari suna da hannu da kunne. Abin da ya kamata a haɗa musu da shi kayan awo ne da horo. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa tana nan Basawa, sashen injiniyan injuna na jami'a yana Samaru. Idan suka riƙa shirya wa ƙungiyoyin makanikai gajerun kwasa-kwasai kan awon matsi da zafi, direbobi da yawa za su tsira da injinansu da jarinsu.