In Iska Ta Shiga Birkin ABS

Direba a ƙafa yake sanin lafiyar birkinsa. Ranar da ya taka ya ji laushi kamar soso, sai ya buga sau biyu ko uku kafin mota ta kama, to galibi iska ce ta shiga bututun man birki. Shi mai ba ya matsuwa, duk ƙarfin da ƙafa ta sa yana isa taya. Iska kuwa matsewa take yi, ta shanye ƙarfin a hanya.

Maganin da aka saba kowa ya gan shi a gareji. Yaro na cikin mota, maigida na tsugune gindin taya da sifana. "Buga! Riƙe!" Maigida ya sassauta 'yar ƙusar fitar da iska, mai ya tsirto da kumfa, ya ɗaure kafin yaro ya ɗaga ƙafa. Haka za a yi ta yi har mai ya fito garau. Galibi da tayar da ta fi nisa da masta, mai tura man birki, ake farawa, ko da yake wasu motocin na da nasu tsarin. Abin kiyayewa, kada kwalbar mai ta ƙafe ana cikin aiki.

To amma birkin ABS, wanda Bosch da Mercedes-Benz suka fito da na zamaninsa a 1978 don hana taya ƙamewa, yana da lungu. Akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe kusa da inji, mai famfo da 'yan ƙofofin da wasunsu ba sa buɗewa sai an taka birkin gaggawa. In aka canza akwatin, ko mai ya ƙafe ƙarƙaf, iska kan maƙale a can. Ko yaro ya yini yana bugawa, ba za ta fito ba. A motoci da yawa sai an jona na'urar kwamfuta, ta tada famfon, ta buɗe ƙofofin, sannan a koma kan tayoyi.

Shi ma man a duba. Nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi. Sabon DOT 4 yana jure zafin digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa ma'auninsa 155 ne. Ragowar gwangwanin bara ba na birki ba ne. DOT 5 kuma bai dace da ABS ba.

Abin takaici, wani makanikin in aikin ya gagare shi sai ya ce, "Alhaji, a cire ABS ɗin nan a huta." Kada ka yarda. Nemi garejin da ke da na'urar, kuma ka gwada birkin a fili kafin ka ɗauki iyali.