Jiragen yaƙi a dilar gwanjo: ba kowane ne abin wasan yara ba

Duk wanda ya saba zagaya kasuwar Arzeke ta Parakou ko babbar kasuwar Djougou ya san masu baza kayan wasan yara na gwanjo a kan leda, waɗanda ake saukewa a tashar ruwan Kwatano a hauro da su arewa. Motoci ne da 'yartsana da bindigogin roba, duk a cakuɗe, kuɗinsu ɗaya. A irin wannan tari ne muka tsinci wani ɗan jirgin yaƙi da nauyinsa ya ba mu mamaki, mai kayan kuwa bai bambanta shi da na roba ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ja hankalin 'yan uwa 'yan kasuwa.

Shi irin wannan jirgi zubi ne. Ana narka tutiya a haɗa ta da ɗan alminiyum da jan ƙarfe, a ɗura a mazubi, ya fito da siffar jirgin gaske har da lambarsa da fentinsa. Sana'ar ta daɗe, domin kamfanin Meccano na Liverpool a Ingila ya fara fitar da Dinky Toys tun 1934. A yau Corgi da Hobby Master na cikin waɗanda aka fi sani, kuma manya suke yi wa, masu tara su a kabad kamar yadda iyayenmu mata ke jeren kwalla.

A jikin kwali za a ga an rubuta 1:72, ma'ana an rage jirgin gaske sau 72. Jirgin Amurka A-10, wanda aka ƙera don farfasa tankokin yaƙi da bindigarsa mai baki bakwai, tsawonsa ya ɗan haura mita 16, saboda haka ƙaraminsa bai wuce santimita 23 ba. Sabonsa a kwali yakan kai dala 100, kuma dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. A lissafinmu ya haura jaka 50.

Waɗannan jirage masu kai hari ƙasa ba baƙi ba ne a yankinmu. Nijar ta sayi Su-25 guda biyu, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a 2013. Nijeriya ta karɓi Super Tucano 12 a 2021, ta ajiye su a Kainji, wato cikin ƙasar Borgu ɗin nan da Turawa suka raba biyu, rabi can rabi nan.

To yaya za a gane na kirki? A ɗauka a ji nauyi da sanyin ƙarfe. A kara maganaɗisu a fiffike, idan zubin tutiya ne ba zai kama ba. A duba ciki ko ƙasan fiffike a nemi sunan kamfani. Sannan a lura da tayoyi da 'yan makaman da ake maƙalawa, domin da zarar ɗaya ya ɓace daraja ta faɗi. Kwalin da muke yagewa mu hura gawayi kuwa, a wurin masu tarawa wani kaso ne na kuɗin. Tsofaffi sosai suna da wata cuta, ƙarfen ya riƙa kumbura yana tsattsagewa, musamman inda akwai laima, kuma ba ta da magani. Wanda ya fara haka ba haja ba ne.

Amma kada wani ya ji wannan ya zuba jarinsa. Gaskiyar magana masu sayen irin wannan a farashinsa ba su da yawa a Parakou, balle Djougou. Sai dai a ware shi, a sa yaro ya ɗauki hotonsa da waya a nemi mai so a Kwatano ko Ikko, ko wani tsohon soja mai son ado a kan teburi. Idan an dace riba ce da ba a yi tsammani ba. Haka kuma bai kamata a sayar wa mai ƙaramin yaro ba, domin galibi an rubuta shekara 14 zuwa sama, kuma 'yan guntayen nan yaro na iya haɗiyewa.

Sauran magana ita ce ta hanya. Tun da hare-hare suka fara a arewacin Benin a 2021, binciken kaya ya tsananta a Alibori da Atakora. Abin wasa ba makami ba ne, amma jami'in da ya kwance buhu da dare ya ji ƙarfe mai siffar kayan soja, zai tsayar da mota ya yi tambaya. Shawararmu ita ce a sa shi a saman kaya cikin kwalinsa, a nuna wa 'yan duwan tun kafin su tambaya, kuma kada a haɗa shi buhu ɗaya da wando ko hula mai launin kakin soja.