Me Ke Kai Samari Fagen Wasa?

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama bayan an gama girbi, lalle zai iske samari a dandali, waɗansu na kokawa, waɗansu na dambe ko langa, waɗansu kuwa na bin ƙwallo har magariba. Amma da wuya a sami wanda ya tambaye su abin da ya fito da su.

Masana sun daɗe suna auna wannan al'amari. A 1983 Diane Gill da abokan aikinta suka yi wa yara fiye da 1,000 tambayoyi 30 a Iowa ta Amurka, aka tarar jin daɗi da neman ƙwarewa suna kan gaba. A 1995 kuma Luc Pelletier na Kanada da jama'arsa suka fito da ma'auni mai tambayoyi 28, wanda ke bambanta yaron da ke wasa don sha'awar ransa da wanda ke yi don lada ko yabo. Bambancin nan muhimmi ne, gama mai yi don lada, ran da lada ya yanke sai ya bar fage.

To, amma ma'aunin Turawa ba zai auna komai namu ba. Dambe dai gadon mahauta ne, ɗa na shiga don ubansa ya yi. Wani kuwa kiɗa ke tsuma shi, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa zuga Shago. Wani kyauta yake nema, wani idon 'yan mata, wani kare sunan ƙauyensu. In ba a sa waɗannan cikin tambayoyi da Hausa ba, amsar da za a samu ba ta da amfani.

Ba abin wasa ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba su samun motsa jiki na minti 60 a rana. Ga jami'a a Aliero tun 2006. Ya kamata ɗalibanta su shiga ƙauyuka irin su Jiga Maƙera su tambayi yaran, har da 'yan mata da waɗanda suka daina wasa, sa'an nan ma'aikata su tsara kuɗin wasanni bisa amsar. Sai an gwada akan san na ƙwarai.