KUMBURIN JIKI DA KUMFAR FITSARI: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Sau da yawa akan ga mutum ya wayi gari fatar idanunsa ta kumbura, da yamma kuma ƙafafunsa su cika har takalmi ya ƙi shiga, fitsarinsa yana kumfa kamar an kaɗa sabulu. Waɗansu sukan ce sammu ne, waɗansu su ce ƙiba ce. Alhali kuwa galibi ƙoda ce take yoyo. Wannan takarda za ta yi bayani a kan ɗaya daga cikin cututtukan da ke jawo haka, watau ciwon kaurin tantanin ƙoda.

Yadda ciwon yake

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, masu aiki kamar rariya. Su ke tace jini, su fitar da dauɗa ta hanyar fitsari, su tsare furotin, watau sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jini. A wannan ciwo, dakarun da ke kare jiki daga cuta su ne ke taruwa a jikin tantanin matatar, ya yi kauri, ya riƙa zubar da furotin. Idan abin da ke zuba ya wuce giram uku da rabi a yini, sai ruwa ya tsere daga jijiyoyi ya taru a ƙafa da ciki da fuska. An daɗe da lura cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon sukan warke da kansu, kashi ɗaya su zauna da shi, sauran kuwa ƙodarsu takan gaza bayan shekaru.

Darasi daga Japan

Ƙasar Japan tana cikin waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan ciwo. Tun 1974 ake gwada fitsarin 'yan makaranta a can kowace shekara. A 1978 likitocinsu suka ba da rahoton cewa yawancin yaran da suka samu da ciwon suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta mai lamba B. A 1986 hukuma ta soma yi wa jariran matan da ke ɗauke da ƙwayar allurar rigakafi, daga nan wannan nau'i ya yi ƙaranci ainun a tsakanin yara.

A 2007 suka buɗe rajistar ƙasa ta masu ciwon ƙoda waɗanda aka ɗebi ɗan tsokar ƙodarsu aka duba. Rajistar ta nuna cewa ciwon ya fi kama dattawa masu shekara 60 zuwa sama, maza kuma sun ɗara mata. Har ila yau, a 2009 masana a birnin Boston na Amurka suka gano wani sinadari a cikin jini wanda ake samu a wajen kashi 70 cikin 100 na masu ciwon da ba a san masa wani dalili ba. Amma a Japan, kimanin rabi ne kurum ke da shi. Ashe ke nan ciwo ɗaya ne, amma kowace ƙasa da irin mafarinsa.

Halin da muke ciki

A Nijeriya, tun 1963 likitoci biyu, Gilles da Hendrickse, suka nuna a Ibadan cewa zazzaɓin sauro mai dawowa bayan kwana uku-uku yana da hannu a kumburin ƙodar yara. Ciwon hanta mai lamba B kuwa har yanzu yana da yawa a ƙasar nan, shi ya sa Gwamnatin Tarayya ta shigar da allurarsa cikin rigakafin yara a 2004. Ban da waɗannan, an tabbatar cewa man shafawa mai sa hasken fata wanda ke ɗauke da zaiba yana haddasa ciwon, haka nan yawan shan magungunan ciwon jiki da na gaɓoɓi ba da iznin likita ba. Watau da yawa daga cikin mafaran ciwon a wurinmu abubuwa ne da za a iya kauce musu.

Abin da za a yi

Na farko, a kai jariri a yi masa allurar ciwon hanta a ranar da aka haife shi, a kuma cika sauran. Kyauta ce a asibitocin gwamnati.

Na biyu, duk wanda ya ga kumburi ko kumfar fitsari, ya je a gwada fitsarinsa. Gwajin ba ya cin minti biyar. A cikin garin Bauchi, ƙananan asibitoci sukan tura mai buƙatar ƙarin bincike zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Na uku, mai kumburi ya rage gishiri da dunƙule, ya guji jiƙe-jiƙen da bai san abin da ke cikinsu ba, ya sha magani yadda aka umarce shi. Dattijon da aka samu da ciwon, likita yakan bincika ko akwai ciwon daji a ɓoye, domin wani lokaci tare suke tafiya.

Wankin ƙoda aiki ne mai tsada wanda yakan cinye dukiyar gida. Gwajin fitsari kuwa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya karanta wannan takarda, muna roƙonsa ya bayyana wa iyalinsa da maƙwabtansa.